A Auna Kafin A Zargi Na'ura

Muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai masu rubuta wasannin kwamfuta a Dutsin-Ma da su rage gaggawa. Da zarar hoto ya fara ɗingishi sai su nemi wata na'ura, alhali kuwa ta hannunsu sabuwa ce, sai da iyaye suka kai gero kasuwa daga Babban Duhu kafin a saye ta. Wasa mai hoto 60 a daƙiƙa, rabon kowane hoto bai kai milisakan 17 ba. To, a auna a ga abin da ke cinye su. Kwamfutar zamani takan rage gudu da kanta in ta koma kan batir, ko in zafin bazara ya dafa ta. Wata kuma katin hoto biyu gare ta, Intel da Nvidia, wasan ya hau mai raunin.