Zuciyar Kusu da Lafiyar Maijego

Ƴan uwa manoma na Sabon Maci da kewaye, mun san kusu da ɓarnar rumbu. Amma a wasu ƙasashe akwai masana da ke kiwon kusa a ɗaki mai tsabta, suna duba zuciyarsu domin neman maganin ciwon zuciyar mutum. Wani zai ce wannan wasa da dukiya ne. Mu dai muna ganin aiki ne mai amfani, kuma ya shafi matanmu.

Zuciyar kusu ba ta wuce ƙwayar wake ba. Tana bugawa kamar sau 500 zuwa 600 a minti ɗaya, ta mutum kuwa sau 60 zuwa 100. Duk da haka ƙirarsu ɗaya ce, kowace tana da ɗaki huɗu. Ana sa kusu barci da magani, a kwantar da shi cikin wata na'ura mai maganaɗisu mai ƙarfi. Likitocinmu suna kiranta IRM. Na'urar tana ɗaukar hoton zuciya tana cikin aiki, ba yanka, ba zubar jini. Sai a ga yawan jinin da take turawa a kowane bugu. Bayan mako biyu a sake duba kusun nan, a gane ko magani ya yi aiki.

To, ina ruwanmu? Akwai wani ciwo da ke kama mace gab da haihuwa ko a watannin jego. Zuciyarta ta yi rauni, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, ta kasa kwanciya sai a zaune. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi bincike a shekarun 1970, suka ga yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu. Sun yi zargin yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta.

A shekarar 2007, masana a birnin Hanoba na ƙasar Jamus suka gano wani dalili a jikin kusa mata. Sinadarin da ke kawo ruwan nono yakan tsinke, guntunsa ya ɓata ƙananan hanyoyin jini na zuciya. Da suka ba kusan maganin bromokiriftin, ciwon bai kama su ba. Daga baya aka gwada shi ga mata a Afirka ta Kudu da Jamus. A gwajin Jamus, wanda aka bayyana a 2017, da na'urar nan aka auna zuciyar matan.

Sai dai a kula. Maganin yana ƙafar da nono, jariri a ƙauye kuwa nono ne ransa. Likita kaɗai ke da ikon yanke wannan shawara. Kada kowa ya nemi maganin a hannun masu tallar ƙwayoyi a kasuwa.

Na'urar tana da tsada ƙwarai, ba za mu gan ta a garinmu gobe ba. Amma ganin kumburin ƙafa ba ya bukatar na'ura. Muna kira ga magidanta da surukai da ungozomomi: in maijego tana haki, ko tari da dare, ko ƙafafunta sun kumbura, kada a ce gajiyar haihuwa ce, kada a jira arba'in ta cika. A rage mata kanwa da gishiri, a kai ta gidan likita a ranar. In an ce a wuce da ita Dakoro ko Maraɗi, a sayar da akuya ko dami biyu na hatsi a biya kuɗin mota.