Lafiyar Iyali: Ciwon Diddige da Tausa

'Yan'uwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Maradun a 1978, manoman Bakura da Talata Mafara suna noma rani da damina. Mai wuni tsaye a gonar shinkafa, da mai takawa zuwa kasuwar Talata da kaya a kai, ciwon diddige yakan kama su. Alamarsa zafi kamar sukar ƙaya a takun farko da asuba.

Dalili kuwa, akwai wata jijiya mai kauri daga diddige zuwa gindin yatsu. In aiki ya yi mata yawa, sai ta yi tsami.

Kafin mu sauko daga gado, mu ja yatsun ƙafa sama, mu ƙirga 10, mu saki, har sau 10. Da dare mu shafa man kaɗanya, mu murza tafin ƙafa da babban yatsa minti 5, ko mu mirgina kwalba a ƙarƙashinsa. Mu bar yawo ba takalmi.

Kada mu yarda a yi mana tsaga. Mu yi haƙuri, ciwon yakan ɗauki watanni. Amma in ƙafa ta kumbura, ko akwai ciwon sukari, sai asibiti.