Daga Osaka zuwa teburin mai shayi: me ke cikin farantinka?



Makon jiya na dawo daga Kimba, na tsaya a Jega ina jiran mota ta cika. Rana ta take, yunwa ta ciyo ni, sai na raɓa teburin wani mai shayi. Ban daɗe da zama ba sai ga 'yan makaranta uku cikin yunifom. Suka haɗa kuɗinsu suka ce a dafa musu Indomie biyu.

Mai shayin ya ce, "Samari, da ƙwai ko babu?"

Suka dubi juna, suka ce babu.

"To albasa fa, in yanka muku?"

Babbansu ya ce, "Bar ta kawai Baba, sauri muke yi."

Canjin da ya rage suka sayi lemon kwalba ɗaya da shi. Na tambaye su ko sun san asalin abincin da suke ci. Ɗaya ya ce daga Legas yake. Bai yi nisa da gaskiya ba, amma labarin ya fi haka tsawo.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi yunwa ƙwarai a Japan. Wani mutum mai suna Momofuku Ando ya ga jama'a sun yi dogon layi cikin sanyi a birnin Osaka, suna jiran kwanon taliya mai zafi. Abin ya tsaya masa a rai. Daga baya ya kafa 'yar rumfa a bayan gidansa, ya yi ta gwaji har ya gano dabara: idan aka turara taliya, aka tsoma ta a mai mai zafi, ruwan jikinta zai fice ya bar ƙananan ramuka. Ta haka za ta daɗe ba ta lalace ba, kuma da an zuba mata ruwan zafi sai ya bi ramukan nan ta yi laushi cikin minti uku. A 1958 ya fara sayar da ita, yana da shekara 48.

Dabarar ta bazu a nahiyar Asiya. A 1972 aka fara yin Indomie a ƙasar Indonesiya. Sunan ma ya tona asirin: "Indo" daga sunan ƙasar, "mie" kuwa taliya ke nan a harshensu. A ƙarshen shekarun 1980 ta fara shigowa Najeriya, sannan a tsakiyar shekarun 1990 aka buɗe masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun, da haɗin gwiwar kamfanin Tolaram mai hedikwata a Singafo. Yanzu har a Kaduna ana yin ta. Ashe duk ranar da ka zauna gaban mai shayi ka ce a dafa maka ita, abincin Asiya kake ci.

To su can yaya suke cin abincin rana idan suna sauri? Mu leƙa Singafo. A tsakiyar dogayen benaye na bankuna da ofisoshi akwai wata tsohuwar kasuwa mai suna Lau Pa Sat, wadda aka yi gininta na ƙarfe a 1894. An mayar da ita wurin cin abinci: rumfunan masu girki a jere, tebura a tsakiya, kowa ya sayi abin da yake so ya zauna inda ya samu. Da tsakar rana ma'aikata kan sauko daga ofis su cika wurin. Wani zai ajiye ƙunshin tishu a kan tebur, alamar ya kama wuri, ya tafi bin layi, kuma ba mai taɓa masa. Irin waɗannan wurare sun shiga jinin mutanen ƙasar, har hukumar UNESCO ta sa al'adar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2020.

Abin lura shi ne abin da ke cikin kwanon. Da wuya ka ga taliya tsurarta. Za ka gan ta cikin romo da ganye, ko da kifi, ko ƙwai, ko yankan kaza, ko awarar waken suya. I, awarar nan da kuke saya a bakin makaranta, asalinta daga Sin take. Su ma sauri suke yi, domin lokacin hutunsu ƙayyadadde ne kamar naku na tara, amma saurin bai hana su cika kwano ba. Mu kuwa mun karɓi taliyar, mun bar musu sauran.

Ku tuna darasin abinci da aka koya muku a aji. Taliyar 'yan minti garin alkama ce da mai da gishiri. Tana ba da kuzari, ba musu. Amma jikin ɗan shekara goma sha biyar girma yake yi: ƙashi na tsawo, tsoka na ƙaruwa, jini na buƙatar sinadarin ƙarfe, musamman ga 'yan mata. Waɗannan suna son abinci mai gina jiki da ganye. Wanda ya ci taliya tsura ya kora da lemon kwalba, cikinsa zai cika nan take, amma ba da jimawa ba yunwa za ta dawo, ga malamin lissafi a gaban allo, ga hamma. Ɗan ajin ƙarshe da WAEC da NECO ke jiransa ba shi da darasin da zai zubar. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, yara kuma ƙasa da haka. Ɗan ƙunshin kayan ɗanɗanon da ke cikin leda gishirinsa na da yawa, ga shi wasu sai sun ƙara dunƙule a kai. Yawan gishiri na tsawon shekaru yana daga cikin abubuwan da ke jawo hawan jini.

Ban ce ku daina ci ba. Ni ma ranar nan ita na ci. Abin da nake cewa shi ne ku cika farantin, kuma ku kun fi kowa sauƙin yin haka. Albasar Aliero tireloli ke ɗaukarta zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. Tumatir da tattasai da attarugu suna fitowa daga fadamunmu. Zogale yana bayan gida. Ƙuli-ƙuli da awara da busasshen kifi ba sa wuya a kasuwannin Jega da Maiyama. Abin kunya ne albasarmu ta je Legas ta gyara miyar wasu, mu kuma mu ce da mai shayi ya bar ta.

Ga abin da za ku gwada. Idan kuɗin ba zai kai lemo da ƙwai ba, ku ɗauki ƙwai ku sha ruwa. Idan bai kai ƙwai ba, ku sayi awara biyu ku marmasa a kai, ko ku daka ƙuli-ƙuli ku barbaɗa. Ku ce a sa albasa da tumatir, minti ɗaya kawai za su ƙara muku. Ku ce a zuba rabin ƙunshin kayan ɗanɗano. Kuma kada ta zama ta kullum. Ɗan wake da alala da dafa-dukar shinkafar Kebbi da wake su ma abincin sauri ne, kuma sun fi ta riƙe ciki.

Aikin gida na wannan mako: ku ɗauki ledar taliyar da kuka fi ci, ku juya bayanta, ku karanta abubuwan da aka haɗa ta da su da garin da aka yi ta. Sannan ku gwada cika faranti na kwana biyar, ku lura da yadda kuke ji a darasin ƙarshe. Ku rubuto mana abin da kuka gani, tare da sunan makarantarku da ajinku.

Sai mako mai zuwa.