Gyaran Da Ba Mu Roƙa Ba

A kasuwannin ƙasar Bici, in mutum ya auni gero ko dawa, yakan ce wa ma'auni ya yi masa gyara, shi kuwa ya ɗebo ɗan kaɗan ya ƙara masa. Mai saye ne ke roƙon gyara, shi ne kuma ke amfana da shi. Yau ga shi an kawo mana wani sabon salon gyara a cikin wayoyinmu na hannu da kwamfutocinmu, wanda ba mu roƙa ba, kuma mu ne ke biyan kuɗinsa.

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya san yadda abin ke faruwa. Saƙo zai fito a fuskar waya yana cewa a sabunta ta domin ta ƙara lafiya. Mutum ya danna alamar yarda, ya ajiye ta. Kafin gari ya waye sai ya tarar da waɗansu manhajoji baƙi sun zauna daram: wannan ta wasa, waccan ta tallace-tallace, wata kuma ta ce ita aikinta share waya, alhali kuwa ita ce shara. Waɗansu ma ba su goguwa ko da mutum ya so.

Mai zaune a birni, wanda ke da wuta da intanet a ofis, yana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu. Mu da muka fito daga karkara mun san nauyinsa. Manomin Badume ko Ɗanzabuwa da ke jin farashin tumatir da albasa ta waya, ɗan ƙaramin ƙunshin data yake saye, kuma tun watan Janairun 2025 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, lissafin ya ƙara tsauri. Manhajar da aka cusa masa da datarsa ta sauka, da datarsa kuma take jawo talla. Tana cika ma'ajiyar ƙaramar waya har ta kasa karɓar hoto, tana shanye batir a garin da sai an biya mai caji kafin waya ta tashi. Ashe ke nan talaka yana ciyar da baƙon da bai gayyata ba, ribar kuwa tana tafiya aljihun wani can a wata ƙasa.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai manhaja yakan biya kamfanin waya, ko kamfanin wata manhaja mai farin jini, wani kuɗi a kan kowace na'ura da aka dasa kayansa a ciki. Hanyar sabuntawa kuwa ita ce ƙofar da ta fi kowace sauƙin shiga, domin mai gida da kansa ke buɗe ta. Dabarar ta daɗe. A watan Maris na 2008 kamfanin Apple ya sa manhajar Safari cikin jerin sabuntawar masu iTunes a kwamfutocin Windows, da alamar yarda an riga an sanya mata, har shugaban Mozilla na lokacin, John Lilly, ya fito fili ya soki abin. Kamfanin Oracle ya yi shekaru yana haɗa sabuntawar Java da wata manhaja mai suna Ask Toolbar, bai daina ba sai 2015. A shekarar nan kuma Microsoft ya riƙa sauke fayilolin Windows 10 masu nauyin gigabait da dama a kwamfutocin mutanen da ba su nema ba. A 2016 ma har ta kai in mutum ya danna alamar rufe sanarwar, sai a ɗauka ya yarda. Wata 'yar kasuwa a Kalifoniya ta kai ƙara, ta sami diyyar dala 10,000.

Kada wani ya ce wannan damuwar Turawa ce. A watan Agustan 2020 sashen bincike na Secure-D, na kamfanin Upstream, ya bayyana cewa wayoyi ƙirar Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha, Gana, Kamaru, Masar da Afirka ta Kudu, sun zo ɗauke da wata muguwar manhaja mai suna Triada. Aikinta shi ne ta jawo wata mai suna xHelper, wadda ke ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar hidimomin biya a ɓoye, ana cire kuɗin daga katinsa. Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, ya ce laifin na wani ɗan kwangila ne a cikin masu kawo masa kaya, kuma ya fitar da magani. Ko da mun karɓi wannan uzuri, darasin yana nan: wayar da talaka ke iya saye ita ce aka fi samun sakaci a kanta, shi ne kuma wanda ba shi da lauya.

Amma babbar ɓarnar ta wuce data da batir. Sabuntawa abu ne mai amfani ƙwarai, domin da ita ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da yawa na Ingila, alhali kuwa Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris; waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa. To, mutumin da aka cuta sau ɗaya, sau biyu, ta hanyar sabuntawa, me zai yi a karo na uku? Zai ƙi dannawa. A garuruwanmu mun sha jin ana ba juna shawara cewa in saƙon nan ya fito a ƙyale shi, wai yana ɓata waya. Kuma a cikin wayar nan ne ajiyar banki take, da ita mai POS ke sana'a. Duk kamfanin da ya gauraya magani da talla, ya koya wa jama'a gudun magani, kuma alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja biyu. Ta farko, wai da kuɗin cushen nan ne ake rage farashin waya, kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Muna amsa musu cewa mai sayen rariya yana ganin hujojinta da idonsa kafin ya biya. In gaskiya ne talla ke rage farashi, sai a rubuta haka a jikin kwali, a ba mutum zaɓi. Hujja ta biyu, wai ai mun danna yarda. Wace irin yarda ce wannan, a shafuffuka masu ƙananan baƙaƙe cikin Turancin lauyoyi, ga wanda karatunsa na ajami ne ko na Hausar boko? A 2019 babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa akwatin da aka riga aka sa wa alama ba ya zama yarda. Dokarmu ta kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ba ta ɗauki shiru a matsayin amincewa ba.

Hukuma tana iya tsawatarwa in ta ga dama. Tun 2014 Koriya ta Kudu ta sa ƙa'idar cewa a bar mai waya ya goge mafi yawan manhajojin da suka zo da ita. Mu ma nan gida, a watan Yulin 2024, Hukumar Kula da Gasa da Kare Masu Saye, watau FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken da ya faro daga sabbin sharuɗɗan da WhatsApp ya ɗora wa jama'a a 2021, kuma kotun sauraron ƙara ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. Wanda ya iya wannan, ba zai kasa da masu cushen manhaja ba.

Bisa ga haka muna kira da abubuwa uku. NCC, wadda ke tantance kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a Nijeriya, ta sa sharaɗin cewa duk manhajar da waya za ta iya aiki ba tare da ita ba, a bari a iya goge ta. FCCPC ta wajabta raba gyaran tsaro da duk wata sabuwar manhaja, kowanne da tambayarsa dabam, ba tare da an riga an sa alama ba. A kuma rubuta tambayar da Hausa da sauran manyan harsunanmu, a faɗi yawan datar da za ta ci.

Sauran aikin namu ne. In mun koma gida hutu, mu ake miƙa wa waya a ce a duba. Mu da takwarorinmu na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici, mu koya wa iyaye da ƙanne su riƙa karɓar gyaran tsaro, su cire alamar duk abin da ba su nema ba, su goge ko su kashe baƙuwar manhaja, su kuma duba ko ana cire musu kuɗin wata hidima a kati. Ƙungiyar ɗalibai kuwa ta tattara koke-koken mambobinta, da samfurin waya da ranar da abin ya faru, ta kai wa FCCPC a rubuce. Kukan mutum ɗaya ba ya isa Abuja, amma takarda mai ɗauke da sa hannun ɗalibai da yawa dole a karanta ta.