Har Yaushe Za Mu Ci Gaba Da Zaman Haya A Kurmi?

Yau magana ce a kan wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya shekara talatin yana kasuwanci a Ikko ko Badun, nan ya yi aure, nan ya haifi 'ya'yansa, amma har gobe yana ɗaki biyu na haya, duk ribarsa kuwa ya kwashe ya gina ƙaton gida a garinsu wanda ba ya kwana a ciki sai da sallah. In ka tambaye shi sai ya ce ai Kurmi ba gida ba ne.

To jama'a, unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta. Wanda aka haifi kakansa a Sabo, shi ma baƙo ne? Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Mu ne muke hana kanmu abin da doka ta ba mu.

Na san amsar da iyayenmu za su bayar, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce ka manta Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Shasha a 2021? Ba mu manta ba. Amma a duba da kyau: bayan ƙura ta lafa, wa ke da hujjar komawa wurinsa? Gini yana ƙonewa, fili ba ya ƙonewa. Mai takarda zai dawo ya sake ɗora bulo, ɗan haya kuwa sai yadda mai gida ya ga dama. Ban ce kada a yi gini a Arewa ba, ai gida biyu maganin gobara. Cewa na yi a fara da inda ake kwana.

Sai kuma ɗaya ɓangaren namu, masu saye da ka. Dillali ya nuna maka fili, a kira dattawa biyu, a rubuta rasit, a yi addu'a, shi ke nan wai an saya. Wallahi wannan zubar da dukiya ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar C of O ba ya cika sai da amincewarsa. Shaidar Sarkin Hausawa tana da daraja a tsakaninmu, amma ba ta tsayar da motar rusau. Mutanen Maroko da aka rushe wa gidaje a 1990 su ma da yawansu sun biya kuɗi.

Saboda haka kafin ka ba da ko kwabo, ɗauki safiyo naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya auna filin a kai ofishin babban safiyon jiha a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin. A Ikko lauya ya je Alausa ya bincika rajistar filaye. In filin gado ne na Yarbawa, dole shugaban zuri'a da manyan gidan su sa hannu tare, in ba haka ba gobe wani ɗan uwansu zai kai ka kotu. 'Yan omo onile kuma, Jihar Legas ta yi dokar hukunta masu ƙwacen fili a 2016, amma dokar sai mai takarda take taimaka wa. Biya ta banki don shaida ta zauna. Ka guji fili a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ko kan hanyar ruwa komai arharsa, kuma ka je ka gan shi da damina, lokacin da ruwa ke tona asirin kowane wuri.

In tsohon gida ka saya, fara da rufi da fandisho da magudanar ruwa kafin fenti da tayil. Ruwan Kurmi ba irin na Arewa ba ne, a ɗaga daɓe sama da titi. Nemi izinin gini kafin ka ƙara bene. Ka ware ɗakuna biyu ko shago a gaba, kuɗin hayarsu ya riƙa ɗaukar gyaran gidan.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya, amma lauya ya rubuta kason kowa da sunansa, don kada magada su yi rigima bayan ranku. Mu matasa kuma da muka yi boko, aikinmu ne mu karanta wa iyayenmu kowace takarda kafin su dangwala hannu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu dace. Wassalam.