Hausa ta zama harshen ƙasa, amma wayarmu har yanzu "Oza" take cewa

Tun ƙarshen watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To madalla. Sai dai akwai inda wannan doka ba ta kai ba tukuna: cikin wayar da ke aljihunmu.

Wayoyin Android na da wata manhaja mai suna TalkBack, na iPhone kuma VoiceOver. Aikinsu su karanta wa mutum da murya abin da ke rubuce a fuskar waya. Don makafi aka yi su, amma a nan Olelewa da sauran ƙauyukan Damargu, tsohon da idonsa ya yi rauni da wanda bai shiga lakkol ba duk za su amfana.

Matsalar ita ce muryar. In an saita waya da Faransanci, da dokar Faransanci za ta karanta komai. "Gida" ya koma "jida", "ciwo" ya koma "siwo", sunan Hausa kansa ya koma "Oza". In Ingilishi ce, Tanut da aka rubuta "Tanout" sai ta fito "Tan-awt", ko ɗan garin ba zai gane ba. Ga kuma kalmomin da rubutunsu ɗaya ne, kamar garin da muke zaune da garin tuwo, sai kunnen Bahaushe ke raba su.

Abin dariya ne, har sai maganar kuɗi ta shigo. Yaro na Libiya ko Aljeriya ya turo saƙo, ko sanarwar Airtel Money ta faɗo, makaho ya rasa gane me waya ke faɗi. Dole ya miƙa wa wani ya karanta masa. Sirrinsa ya fita ke nan, wani lokaci har da lambarsa ta sirri.

Gyaran na hannun masu ƙera manhajoji. Suna da hanyar yi wa kalma alamar harshenta, ko su rubuta mata yadda ake furta ta a ɓoye. Amma alama ba ta da amfani in babu muryar Hausa a cikin wayar. Ita kuwa muryar, da maganar mutane ake koya wa na'ura. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin harsuna sama da 1,100, har da Hausa. A ganinmu ya kamata hukumomi su sa wa kamfanonin waya da na tura kuɗi sharaɗin muryar Hausa.

Mu ma da namu. Shirin Common Voice na Mozilla na karɓar muryar kowa a Hausa, kuma in ƴan Damargu ba su sa tasu ba, na'ura ba za ta san irin maganarmu ba. Ku kuma ƴan uwa na ƙetare, kafin a kai can, in saƙon na tsoho ne ko makaho, ku turo shi da murya ta WhatsApp.