Ummu Kulsum da Haƙƙin Harafi

Mai nazarin Hausa na iya tambayar abin da ya haɗa shi da mawaƙiyar Masar da ta rasu tun ranar 3 ga Fabrairu, 1975. A ganina furuci ne ya haɗa su, domin a kansa Ummu Kulsum ta gina sunanta.

An haife ta a wani ƙauye na lardin Daƙahliyya, a gidan limami. Mahaifinta ya koya mata karatun Alƙur'ani da waƙoƙin yabon Annabi, har yakan sa mata tufafin maza don ta raka shi wurin maulidi da bukukuwa. Da ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920, tarbiyyar tajwidi ta bi ta: kowane harafi daga mafitarsa, kowane wasali da tsawonsa. Ta fito a fina-finai shida, daga Widad a 1936 zuwa Fatima a 1947, sa'an nan ta bar fim ta tsaya ga waƙa. Daren Alhamis ta farko a kowane wata, jama'a daga Maroko har Iraƙi sukan kewaye rediyo don jin ta. A 1966 ta rera Al-Atlal, ƙasidar Ibrahim Naji mai zurfin Larabci, kuma manomi ya haddace ta kamar yadda malami ya haddace, saboda ba ta haɗiye kalma ko ɗaya.

Wannan darasi ya fi shafar masu Hausa a wuri irin Mora, tsohuwar fadar Mandara, inda Hausa ke cuɗanya da Mandaranci da Barbarci da Fulatanci da Larabcin Shuwa, makaranta kuma tana gudana da Faransanci. Daga nan har Garwa, yaro yakan tashi da Hausar ciniki wadda ƙ da k suka narke a cikinta, dogon wasali kuma ya gajarce. Alhali baki daban, baƙi daban. Garin da ake zaune a ciki daban, garin da ake tuƙa tuwo da shi daban. Wanda ya rasa wannan bambanci zai sayi goro lafiya, amma Imfiraji na Aliyu Namangi zai rufe masa ƙofa, domin ma'aunin waƙar yana tsaye ne a kan nauyin gaɓa.

Wasu za su ce harshe na fahimta ne, in an gane shi ke nan. Gaskiya ne a kasuwa. Sai dai harshen da ya tsaya a kasuwa ba ya haifar da mawaƙi ko marubuci. Malamanmu na allo sun daɗe suna mayar da almajiri baya a kan harafi guda na Larabci har sai ya daidaita. Irin wannan haƙuri Hausa take bukata daga iyaye da malamai: a sa yaro ya karanta da murya, a saurara, a gyara masa tun harshensa bai ƙage ba.